Ƙarar da Tabawa Ta Kai Fadar Hadari

Mai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya je Rafin Maɗaci ya tambaya. Mutanen suna nan da ransu, kuma a gaban idonsu aka yi.

Ana tsakiyar damina ruwa ya ƙi sauka a rufin gidan Tabawa. Ba garin ba fa, gidanta kaɗai. Hadari zai haɗo baƙi ƙirin, a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidan dama ya jiƙe sharkaf, a gidan hagu kaji su haye turmi, amma kwanon Tabawa a bushe ƙamas, har ƙadangaru na kai-komo a kansa. Ruwan sai ya zo daidai katangarta ya tsaya cak, kamar an datse shi da wuƙa.

Da a ce wanki ne ko girki, da sai ta miƙa bokiti waje ta tara. Abin ya fi haka. Mijinta Malam Nomau yana da ciwon suga, kullum sai an yi masa allura, ruwan allurar kuwa ba ya shiri da zafi. In zafi ya taɓa shi ya mutu, ya zama ruwan banza. Garin ko turken lantarki ba a taɓa kafa masa ba. Autarsu Ladingo, wadda ta yi karatun haɗa injuna kafin aiki ya kai ta birni, ita ta yi musu dabara. Da rani farantin hasken rana ke riƙe su, da damina kuwa, lokacin da rana kan daɗe ba ta leƙo ba, sai ruwa ya karɓa. Gidan a gangaren tudu yake, ɗakuna a sama, tsakar gida can ƙasa. Ta haɗa indararon kowane ɗaki ya zuba cikin ƙaton tanki, ta jawo bututu ya gangaro, bakinsa a tsuke, ruwa ya fito da ƙarfi ya daki wata 'yar farfela mai kunnuwa kamar cokula. Farfela ta juya, inji ya haifi wuta, wuta ta shiga batir, batir ya riƙe ɗan firji. Ruwan in ya gama aikinsa sai ya bi simintin tsakar gida ya faɗa kwata. Ran Malam Nomau a cikin ɗan firjin nan yake.

To, tanki ya ƙafe. 'Yar fitilar batir ta koma ja. Asibiti a ƙetaren rafi yake, kuma ruwan nan dai da ya ƙi rufinta shi ne ya cinye gadar.

Da hantsi aka sake kecewa da ruwa. Tabawa ta fito tsakar gida ta ɗaga kai don ta ga abin da ke tare mata rabonta, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Wani ƙaton maciji ne, jikinsa ja da kore da ruwan ɗorawa, ya naɗe jelarsa a gindin gawon da ke bayan gida, ya lanƙwaso ta saman rufinta, bakinsa a wangame yana ɗaɗɗakar ruwan tun kafin ya iso. Masharuwa ke nan, wanda yara ke nunawa daga nesa su ce bakan gizo.

Ta yi salati, ta sake yi. Da numfashinta ya dawo, fushi ne ya biyo shi.

"Kai! Kai mai jikin atamfa! Uban wa ya aiko ka gidana?"

Macijin ya sauko da ido ɗaya, girmansa ya kai faifai. "Ya ke 'yar Adamu, ki tausasa harshe. Ni ɗan aike ne. Magajiyar Hadari ce ta umarce ni in shanye duk ɗigon da ya nufo wannan rufi, kuma ba a faɗa wa ɗan aike dalili."

"To za a faɗa mini ni. Kai ni wurinta."

"Babu bil'adaman da ya taɓa taka wannan hanya."

"Yau za a taka."

Ta leƙa ɗaki. Malam Nomau na kishingiɗe, leɓensa a bushe. Ta ce, "Malam, kada ka bari kowa ya buɗe firjin nan, ɗan sanyin da ya rage kar ya fita. Zan je in dawo."

"Ina za ki cikin ruwan nan, Tabawa?"

"Ƙara zan kai."

Ta ci ɗamara da gyale, ta zari muciya, ta zagaya bayan gida ta cafke jelar macijin. Masharuwa ya firgita ya warware daga gawon, ya yi sama da ita. Maƙwabta suka fito suna kururuwa, mata na ɗora hannu a ka. Tabawa ta dubi ƙasa sau ɗaya, ta ga garin ya koma kamar tsabar gero da aka watsa wa kaji, ba ta ƙara dubawa ba.

Macijin ya sauke ta a bakin wani fili fari fat, mai laushi kamar auduga. Nan zangon iskoki ne. An ɗaure su a turaku kamar raguna, wata na huci, wata na haƙilon tsinke igiya, wata tsohuwa ta kwanta tana tuƙa. A ƙofar zangon wani dogon aljani ne tsaye da ƙafa ɗaya, ba ya daina juyawa, fuskarsa ta zo ta wuce, ta zo ta wuce.

Ya ce, "Ni ne Guguwa, mai tsaron ƙofa. Ya ke baƙuwa, wannan ƙasa ba ta ɗaukar nauyi. Ajiye abin da kika ɗauko, in ba haka ba ki zurma."

Ta duba, ashe har ta nutse zuwa idon sawu. Ta jefa masa muciya. Ta nutse zuwa ƙwauri. Ta cire takalma, ta cire 'yan kunne. Ta nutse zuwa gwiwa.

"Ba waɗannan ba ne," in ji Guguwa. "Fushin da ke ƙirjinki ne ya fi dutse nauyi. Miƙo shi in rataye miki, in kin dawo ki karɓa."

"Ka ji shi! In ba ka fushina in shiga da me? Da murmushi? Da shi na zo, da shi zan shiga."

Ta kutsa. Gajimaren ya haɗiye ta zuwa ƙugu, ya kai ƙirji, har ta ji ƙafafunta sun ɓulla ta ƙasa suna lilo a sarari, babu komai ƙarƙashinsu sai iska. Ta riƙa cakumar gajimaren da hannu tana jan jiki kamar mai fita daga laka, iskokin nan na kai mata tunkuyi iyakar tsawon igiyarsu. Guguwa, wanda tun da aka halicce shi bai taɓa tsayawa ba, ya tsaya cak yana kallon tsohuwar har ta ƙetare.

Tana fita ta ji wani lugude da ya girgiza haƙoranta. Ashe abin da mutane ke ji su ce cida ce, wato rugugin hadari, mata ne ke daka. Ga su nan a jere, dogaye, gashinsu fari, haƙoransu na ƙanƙara, turamensu kamar rumbuna, suna farfasa ƙanƙarar da za a zubo wa duniya. Ɓarɓashin na tashi yana yankan fuska.

Babbarsu ta ce, "Ya ke mai jini a jika, ba a wuce mu sai an taya mu. In kin ɓata mana lugude, ke za mu sa a turmin."

Suka miƙo mata taɓarya, ita ma ta ƙanƙara. Tana kamawa ta manne mata a tafi. Tabawa ta cije, ta shiga tsakaninsu. Ta ɗaga, ta sauke, ta jefa sama ta tafa ta cafe, kowace cafewa sai fatar hannunta ta tafi da taɓaryar. Ba ta ɓata ba. Da aka tsaya, ƙanƙarar turmin ta yi ja.

Matan suka dubi juna. Babbar ta nuna mata hanya da haɓa, ta rage murya ta ce, "Ke ce mai farfelar nan? Wayyo. Da na sani da na ce ki koma. Laifinki a fada ba ƙarami ba ne."

"Laifina? Ni da aka zalunta?"

Matan suka koma dakansu.

Fadar Hadari ba ta da bango sai baƙin gajimare. Ginshiƙanta ruwa ne da ke kwarara daga ƙasa zuwa sama. An rataye walƙiya a rufi kamar yadda ake rataye fitilu, suna ta mutsu-mutsu. A tsakiya wata tsohuwa ce zaune, girmanta ya kai tudun da gidan Tabawa ke kai, daga kowane kitso nata ƙorama na gangarowa. Tabawa ta buɗe baki, ta kasa rufewa. Sai da ta tuna leɓen Malam sannan ta durƙusa, rabin durƙuso, ta ce, "Ranki ya daɗe."

Muryar Magajiya ta sa ginshiƙan suka karkace. "Ya ke 'yar Adamu, me ya kawo ki inda ba a kira ki ba?"

"Zalunci ne ya kawo ni. Ruwan nan naki ne ko na Allah?"

Magajiya ta ce, "Na Allah ne. Mu 'yan dako ne."

"To ɗan dako ne zai zaɓi gidan da zai sauke kaya? Mijina na kwance, maganinsa na mutuwa a firji, kin sa maciji ya shanye mini rabona. Me na yi miki? Na taɓa cin miki wani abu?"

"A fito da masu ƙara," in ji Magajiya.

Aka buɗe wani labule na hazo. Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu sun fito, kowane bai fi ƙwayar wake ba, jikinsu garai-garai, da 'yan idanu da 'yan hannuwa. 'Yan ɗigo ke nan. Amma waɗannan ba sa iya tafiya daidai. Suna tangaɗi, suna karo da juna, wani ya faɗi ya tashi, wani ya dafa ɗan'uwansa yana amai. Jikinsu ya yi duƙun-duƙun da dauɗa, ga wani wari da Tabawa ta gane nan take. Warin kwatar gidanta ne.

Wani dattijo a cikinsu ya matso, muryarsa kamar ta sauro. "Ranki ya daɗe, mu dai an aike mu mu shiga ƙasa. Ƙasa ce abincinmu, don ƙamshinta muke yin wannan doguwar tafiya. Muna sauka a gidan matar nan aka kulle mu a duhu, aka tura mu wani rami matsattse, aka maka mu da cokula, aka juya mu har muka manta sunayenmu. Muka yi aikin. Da muka fito muna neman ƙasa, sai siminti. Daga siminti sai kwata. Ko sannu ba a ce mana ba."

Magajiya ta sunkuyo har ƙoramun kanta suka jiƙa Tabawa. "A garinku, in mutum yana son jama'a su yi masa aikin da ya fi ƙarfinsa, yaya ake yi?"

"Gayya ake kira."

"Ana kama mutane a hanya a tura su gona?"

"A'a. Gida-gida ake bi a gayyato su."

"In sun gama fa?"

Tabawa ta sauke idonta ƙasa. Ita da duk Rafin Maɗaci aka san tuwon gayyarta, ita da ba ta taɓa bari ɗan gayya ya bar gonarta ba tare da ya ture ƙwarya don ƙoshi ba. Ta dubi 'yan halittun nan da ta yi damina da damina tana sa su aiki da yunwa, tana sallamar su ta kwata. Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa.

Amma Tabawa ba a kayar da ita a zaune. Ta miƙe ta gyara ɗamara.

"Na ji, ban ciyar ba, kuma ban kyauta ba. To ni ma a ba ni amsa. Shekarar da kuka rushe mini ɗaki a kan awakina, wa ya gayyace ku? Wa ya zo mini jaje a cikinku? Gadar da kuka cinye, wadda ta raba mijina da asibiti, ita ma abincinku ce? Kun yi mini ɓarna ban sa maciji ya shanye ku ba. Ni na yi kuskure, sai a kashe mini miji? In hukunci ne a yi wa kowa!"

Walƙiyoyin rufi suka daina motsi. Dattijon ɗigo ya sunkuyar da kai. Magajiya ta dubi matar ta ce, "Tun da aka ɗora ni a wannan kujera ba a taɓa yi mini tsawa ba. Ni ke yi." Ta nisa, iska ta kaɗa fadar. "Ga hukunci. Ɓarnar da suka yi miki, za su biya da juya farfelarki duk damina. Ke kuma in hadari ya haɗo ki fito ki gayyace su da bakinki, in sun gama ki sallame su cikin ƙasa. Ɗigo ɗaya ya sake faɗawa kwata, Masharuwa zai koma rufinki, ba kuma zai tashi ba."

"Na yarda. A sake su yanzu."

"Saura ɗaya. Sun tsorata da ramin nan, ba mai shigarsa sai mai gayya ta wuce gaba."

Kafin Tabawa ta ce me, Magajiya ta hura mata wani sanyi. Fada ta yi ta girma, ta yi ta girma, har dattijon ɗigo ya zama tsayinsu ɗaya. Ta duba hannunta, tana hango ƙafarta ta cikinsa. Sai ƙasan fadar ya buɗe.

Ta faɗo. Ihun da ta yi ko ita ba ta ji shi ba, don a bayanta dubban dubbai ne ke faɗowa suna nasu. Ga garin yana tasowa, ga tudu, ga kwanonta yana ƙyalli. Ta maku da shi, ta tarwatse, ta sake haɗuwa, ta gangara indararo, ta faɗa duhun tanki. Jama'a suka yi ta zubowa a kanta har nauyinsu ya danna ta cikin bututu. Nan ta san abin da ake kira matsi. Bututun na ƙara tsukewa, gudu na ƙaruwa, can gaba ga ɗan haske kamar ƙofar allura. Ta fita kamar harsashi, cokali ya tare ta a fuska.

Duniya ta kife. Sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama. Ana cikin juya ta, ta hango cikin injin, ta ga wasu 'yan jajayen tartsatsi ana haifar su a jikin wayar tagulla, suna miƙewa suna tsere zuwa batir. Sai farfela ta tofar da ita.

Ta faɗo tim a kan siminti da cikakken girmanta, a jiƙe, ba takalmi, ba ɗankwali.

Tsakar gidan cike take da mutane. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, maza na gefe da carbi, mata na gefe suna sharɓe, ana rabon gumba. Zaman makokinta ake yi. Ai kowa ya ga maciji ya tafi da ita tun hantsi.

Aka watse. Liman ya bar takalmansa, mai rabon gumba ta kife da tiren, wata ta haye katanga da goyo tana "Fatalwa! Fatalwa!"

Tabawa ba ta bi ta kansu ba. Ruwa ya fara fitowa daga ƙarƙashin farfela, ya miƙe sambal ya nufi kwata. Ta rarrafa, don tsayuwa ta gagare ta, ta kwanta a bakin kwatar ta toshe da jikinta.

"Fatalwar uwar wa! Ku dawo nan! Tun da kun taru, ku ɗauko diga da galma, ku fasa mini simintin nan. Maza! Malam Liman, kai ma kama, ba a kallo a gayya!"

Muryar ce ta tabbatar musu ita ce, don babu fatalwar da za ta iya wannan masifa. Suka dawo, kowa ya ɗauki diga. Ruwa na taruwa a jikin Tabawa, ya kai mata wuya, ya kai haɓa, tana jin 'yan muryoyi a kunnenta suna tambaya ina ƙasar. Diga ta sauka, siminti ya tsage. Aka sake, aka ɓanɓare wani ɓangare, jar ƙasa ta bayyana. Ruwan ya juya gaba ɗaya kamar garken da ya hango rafi, ya nutse ciki. Wani ƙamshi ya tashi wanda ya sa duk mai diga ya tsaya da digarsa a sama.

"Sannunku da aiki," in ji Tabawa, tana haki, fuskarta a ƙasa. Masu diga suka amsa, suna tsammani da su take.

Daga cikin ɗaki aka ji ɗan firji ya yi tari, ya kama gurnani.

Mata biyu suka kama ta suka kai ta. Malam Nomau na zaune a bakin gado, tun da aka ce masa maciji ya haɗiye ta bai tashi daga wurin ba. Ta buɗe firjin ta ɗauko 'yar kwalbar, ta kara a kumatunta. Da sauran sanyinta. Malam ya dube ta, ya dubi tafin hannunta da ya saɓule, hawaye suka zubo masa cikin gemu.

"Ba kuka na ce ka yi ba, Malam. Ɗaga riga."

Ya ɗaga. Ta zuƙo maganin, ta nufo cikinsa da allura, ta kauce. Ta sake nufowa, ta sake kaucewa, don har yanzu jirin farfela bai sake ta ba.

"Haba Malam! Ka tsaya wuri ɗaya mana!"

"Tabawa," in ji shi, yana dariya yana kuka, "ai ban motsa ba."

Ya kama hannun nata da nasa biyu, ya riƙe shi gam, ya kai shi inda ya kamata.